Ƙusa a Cikin Kifin Roba

Gidanmu a Yawuri gidan masunta ne. Mahaifina ya tsufa yana jefa ragar birgi a kogin Kwara, ni kuwa na tashi ba abin da na tsana kamar ƙarnin kifi. Don in tsere masa na riƙe boko hannu bibbiyu, har bokon ya kawo ni wani asibiti a Bronx ta ƙasar Amurka, inda nake gwajin jini. Sai da furfura ta fara fito mini aka koya mini kamun kifi, kuma malamin nawa ɗan zangon Kumasi ne, tsohon direban tasi, wanda ƙafarsa ba ta taɓa taka kwalekwale ba.

Maƙwabcina ne a unguwar Parkchester, Alhaji muke ce masa. Da ya ji likita ya ce jinina ya hau, in nemi abin da zai riƙa fitar da ni shan iska, sai ya sa na yanki lasisin kamun kifi, ranar Asabar muka nufi tafkin Van Cortlandt.

A bakin ruwa ya buɗe akwatinsa. Na zaci tana zan gani. Sai ya zaro wani ɗan kifin roba fari, tsawon yatsa, mai laushi kamar tsoka.

"Alhaji, ina abin da kifin zai ci?" na tambaye shi.

"Ga shi a hannuna."

"Kifin garin nan ba shi da hankali ne?"

"Malam, bas ake ce masa, kuma ya fi ka wayo. Zauna ka gani."

Ya ɗauki ƙugiya mai faɗin baki ya soka ta hancin robar, ya fito da ita ta haɓa, ya juya, ya sake cusa ta ta ciki har ta leƙo ta gadon baya. Tsinin ya ɓoye shi a fatar robar don kada ya kwaso ciyawa. Ya ce in robar ta karkace ko da kaɗan, juyi za ta riƙa yi a ruwa, bas ya kalle ta ya wuce. Daga nan ya ɗauko wata 'yar ƙusa, ba ta dalma ba, don an hana dalma a tafkin, ya tura ta cikin kan robar don ta yi nauyi. In ka jefa, sai ka fizgi sandar kamun kifin sau biyu ka dakata, robar ta yi kamar ƙaramin kifin da ya ji ciwo.

Sai a Asabar ta uku na kama na farko, kore, mai baki kamar na tulu. Ina laluben leda Alhaji ya ce, "Mayar da shi. Doka ce." Na sunkuya na sake shi, ya tafi ko waiwaye. Na koma gida na tarar matata ta yanka albasa ta daka yaji, don tun a bakin ruwa ɗoki ya sa na aika mata hoto.

Ita ta kai ƙarata Yawuri. Ranar Lahadi ƙanwata ta kira ni ta bidiyo, ta miƙa wa Baba wayar.

"An ce ka kama kifi ka sake," ya ce.

"Haka dokarsu take, Baba."

Na shirya shan faɗa, sai na ji ya ce, "Nuna mini abin da ka yaudare shi da shi."

Na nuna masa. Ya sa na ciko bahon wanki da ruwa, na saki robar a ciki yana kallo. Ta nutse da ka, tsulum.

"Wa ya koya maka wannan?"

"Wani Alhaji ne, maƙwabcina."

"Allah ya saka masa. Amma kifin da ke mutuwa ba ya nutsewa da ka, sai mai lafiya da zai gudu. A kwance yake sauka, a hankali, yana rangaji. Mayar da ƙusar nan tsakiyar cikinsa."

Na zare ta na mayar. Robar ta sauka a kwance tana karkaɗa wutsiya, har ni sai da na ji tausayinta.

Asabar ɗin da ta biyo baya na kama huɗu kafin azahar, Alhaji ko ɗaya bai kama ba. Da ya matsa da tambaya na gaya masa abin da Baba ya ce. Ya taɓe baki, ya ce kifin Kwara daban, na Amurka daban. Can ya ce zai gwada wancan gefen, ya koma bayan wata bishiya ya ba ni baya. Ina hangen gwiwar hannunsa tana motsi, yana zare ƙusa.

Ba a jima ba na ji ihunsa, sandarsa ta lanƙwashe. Da ya saki kifin ya dawo yana goge hannu a wando.

"Dama na san da wannan dabarar," ya ce. "Ban so in cika ka da karatu tun ranar farko ba ne."