Gwaggo Tafireta Ta Ƙi Minti Goma

Shekara ashirin da bakwai Gwaggo Tafireta ta yi a kan kujera ɗaya, a shagon buga takardu da ke ƙasan bene, tsakanin tela da mai sayar da magani. Tafiretar da ta jawo mata sunan ta daɗe da mutuwa, kwamfuta ta gaje ta, amma sunan ya ƙi sakinta. Aikinta rubuta wa mutane wasiƙar neman aiki. Da shi ta yi wa 'ya'yanta uku makaranta bayan rasuwar mijinta, da shi kuma take sayen maganin hawan jini yanzu.

Ba ta da sauƙi, wannan kam kowa ya sani. In ka zauna gabanta ka ce a rubuta kai mai ƙwazo ne mai riƙon amana, sai ta sauke tabarau kan hanci ta ƙare maka kallo. "Ɓarawo ma haka yake rubutawa. Faɗa mini abin da hannunka ya taɓa yi." Daga nan sai ta tatse ka tas, ko da za a cinye awa guda. Wasu sun tashi da fushi. Wasu kuma sun dawo bayan wata biyu sanye da rigar aiki, don kawai ta gani.

Da mai shagon ya rasu, ɗansa ya gada. Manaja ake ce masa, don shi ya fara kiran kansa haka. Ba mugu ba ne, a faɗi gaskiya. Haya ta hau, wuta ta yi tsada, shi kuma ya yi kwas ɗin kasuwanci na wata shida ya dawo da dabaru cike da baki. Ya sa manhajar nan mai rubuta wasiƙa da kanta: a ba ta suna da irin aikin, a danna, wasiƙa ta fito sumul. Sannan ya sayo agogo mai ƙararrawa ya dire mata a kan tebur.

"Gwaggo, daga yau kowane mutum minti goma. Duniya ta wuce wurin nan. In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza."

"Ɗan nan, na canza rawa tun kana goye," in ji ta. "Wa ya fara taɓa kwamfuta a layin nan?"

Ba tsoron na'ura take ba. Kwana biyu ta yi ta iya manhajar. Ta gwada ta da mai gadi, da kuku, da ungozoma, sai ga wasiƙa uku kamar 'yan uku, kowa mai ƙwazo, kowa mai riƙon amana. Ta kai wa Manaja. Ya ce ai sun yi kyau. Ta ce kyau kam sun yi, sai dai babu mutum a ciki. Abin ya ci mata rai ƙwarai, amma ta ci gaba da aikinta, don ta san a shekarunta babu wani shagon da zai ba ta kujera.

Ranar wata Litinin da safe, mutum bakwai na kan benci, wani direba mai furfura ya zauna gabanta yana murza hula. Kamfaninsu ya rufe, ya ji wata makaranta na neman mai tuƙa motar ɗalibai.

"Hajiya, ni ba ni da abin faɗa. Tuƙi kawai na iya."

"Me kake ɗauka?"

"Ƙwai."

Gwaggo ta ɗaga hannu daga kan madannai. "Ƙwai? Shekara nawa?"

"Sha tara. Daga gona zuwa gari, kullum sawu biyu. Hanyar kuwa duk ramuka." Ya ɗan yi murmushi. "Sauran direbobi har tsokanata suke, wai kunkuru. Amma ba a taɓa sauke kiret a motata an tarar da ɓarna ba."

Nan agogo ya ɗauki ƙara. Gwaggo ta jawo aljihun tebur, ta jefa shi ciki, ta rufe.

Manaja ya taso. "Gwaggo, lokaci ya cika. Ki rubuta 'direba' a manhajar, ki danna."

"In danna me? Mutumin da ya yi shekara sha tara yana ɗaukar ƙwai a kan ramuka, ai shi ya kamata a damƙa wa 'ya'yan mutane. Na'urarka za ta rubuta, amma sai an faɗa mata, shi kuwa bai ma san abin faɗa ba ne. Wa zai tono shi a minti goma?"

"Ga mutane suna jira!"

"Sauri ya haifi nawa."

Fuskarsa ta haɗe. An yi masa a gaban jama'a, ga shi kuma ya riga ya kafa doka. Ya rage murya. "Don Allah, Gwaggo, kar ki sa ni. Ko minti goma, ko ki bar mini kujerata."

Ta tuna magani, ta tuna haya. Amma bakinta ya riga tsoronta. "Kujerarka ce. Bari in gama da bawan Allah."

Ta ɗauki wasu minti ashirin, ba ta ɗaga kai ba. Da takardar ta fito, ta karanta wa direban a bayyane, tun daga ramukan har zuwa kunkurun. Ya karɓa da hannu biyu, ya daɗe yana kallo. "Hajiya, ashe duk ni ne wannan?"

"Da wa kake tsammani?"

Ta ɗauki jakarta da matashin da take jingina, ta tsaya a bakin ƙofa ta dubi benci. "Mai sauri ya zauna, za a sallame shi yanzun nan. Wanda ke da lokaci ya biyo ni."

Mutum biyu ne kawai suka tashi, wata ungozoma da wani mai walda. Sauran biyar suka sunkuyar da kai, ba ta kuma ga laifinsu ba. Tela ya ara mata benci a barandarsa, mai magani ya miƙo biro da littafi.

Ungozomar ta fara magana, Gwaggo ta ɗora biro a kan takarda. Sai a lokacin ta gane rabonta da rubutun hannu ya kai shekara da shekaru. Layin farko ya fito a karkace, ita kanta da ƙyar ta karanta. Idonta ya cika, ta ji kunya har cikin ranta.

"Gwaggo, ko mu bari sai gobe?" in ji ungozomar.

"A bar wa wa?" Ta tsage shafin, ta gyara zama, ta sake farawa.