Ƙahon Malam Ya Kai Tudun Jukun

Yaya Hajara, yau unguwa kaf ta ji kukana!

Kin san ƙaton ƙahon lasifikar nan na katako da mijina marigayi Malam ya ƙera. Ya rantse muryarsa za ta kai Tudun Jukun, ni ko ina masa dariya.

Yau sadakar arba'in. Abokinsa Obi mai gyaran rediyo ya kawo amfilifaya, na'urar ƙara murya, ya ce, "Mama, sai an ji addu'a ta ƙahon nan." Ya haɗa da siririyar waya, ƙara kamar kukan sauro. Ya sauya mai kauri, ya ajiye abin maganar a ƙofar ɗakina, ya tafi kiran liman.

Ni ina na sani? Ina kuka na ce, "Wayyo Malam! Shekara talatin ina zungurinka kan minshari, yanzu shiru ya hana ni barci!"

Kaji suka watse! Ashe muryata ce ke fita ta ƙahon!

Can sai ga wata tsohuwa daga Tudun Jukun tana haki. Ta ce, "Sannu, baiwar Allah. Nawa ma haka yake yi."

Yaya, ya kai! Ga shi babu Malam, balle ya ce, "Ban faɗa miki ba?"