Bas Biyu a Cikin Dilar Shadda

Wani Alhaji ɗan Kano, mai fataucin shadda, ya taɓa sayar mini da gitar bas ba tare da ya ambaci sunanta ko sau ɗaya ba. "Abin" yake ce mata tun daga farkon cinikin har ƙarshensa.

Shekarun nan ne da aka sauya wa ƙasarmu suna. Ina da shagon kayan mobilet, ƙaramin babur ɗin nan, a bakin Zongo, ran Asabar kuma ina kaɗa bas a wata orkes, wato ƙungiyar makaɗa, da ke wasa a unguwar Bilbalogho. Ina da tsohuwar bas guda ƙirar Amurka, wadda na saya hannun wani nasara da zai koma gida. Guda ta ishi mai hankali, ni kuwa ba a taɓa zargina da wannan ba. Na daɗe ina tanadin ta biyu, kuma abin da na tara na guda ne tak, in na yi kuskure sai dai in kaɗa kuskuren har in tsufa. Duk Wagadugu an san ina nema, ban da Kawuna, wanda ya sani sarai amma ya ga ya fi masa sauƙi kada ya sani.

Kawu mai masaukin fatake ne. Tun zamanin goro gidansa Kanawa ke sauka, su ajiye kaya, su ci tuwonsa, shi kuma ya tsaya musu a kasuwa. Baƙonsa mutuncinsa ne. Wannan Alhajin ma nan yake sauka.

Ran nan bayan azahar ya iske ni a shago. Ya yi sallama, ya tambayi gida, ya tambayi kasuwa, ya ɗauki buji, wato fulogi, ya jujjuya kamar mai mobilet, alhali ko keke ban taɓa ganin ya hau ba. Sannan ya duba hagu, ya duba dama, ya rage murya.

"Malam, an ce kana taɓa abin nan."

"Wane abu, Alhaji? Abubuwan da nake taɓawa suna da yawa, wasu ma matata ba ta sani ba."

Bai yi dariya ba. Ya ɗora hannu a ciki ya motsa yatsu biyu kamar mai jan tsirkiya. Ya ce yana da guda biyu, na wani surukinsa ne da ya gaje su a wani otel da ya rufe, kuma motarsa za ta tashi zuwa garin Bobo bayan la'asar. Nan take zuciyata ta ce: sata. Mutum ya rage murya, ga gaggawa, ga suruki wanda ba a gani. Na rufe shago na bi shi, don ko sata ce ina so in ga fuskarta.

Dattawa na kishingiɗe a zaure, Kawu a tsakiyarsu da carbi. Muka gaishe su muka wuce ɗakin ajiya na can ƙurya, mai rufin kwano da ƙofar langa-langa. Alhaji ya kwance wata dila, ya yaye shadda turmi bayan turmi, sai ga akwatuna biyu dogaye baƙaƙe, kwance kamar 'yan biyun da aka yi wa sutura tare.

Ta farko ja ce, jawur, wuyanta siriri, ko ƙwarzane babu. Ta biyu kalar ƙanzo, tsakiya rawaya gefe ya ƙone, wuyanta kauri kamar taɓarya. Fenti ya goge inda hannu ke kwanciya, bayanta duk shaidar kan bel, a kanta kuma ga tabon taba sigari. Da na ɗaga ta sai da ƙuguna ya yi ƙara. Na ce ko a mafasar dutsen Pissy aka faso ta.

Dukansu an rubuta an yi su a Amurka. To, rubutu. Na san wani kafinta a Kumasi da zai rubuta maka an yi kujerarka a Makka in ka ƙara masa na goro. Na dubi ja: yaya za a yi tsohuwa ta yi wannan ƙyalli, in ba an sake mata fenti don a rufe wani ciwo ba? Na dubi mai ƙanzo: yaya za a yi tabo ya zauna daidai inda mai saye ke son ganinsa? Na shinshina akwatunan. Akwatin jar bas ɗin na warin turaren Alhaji, na ɗayar na warin taba da gumin mutumin da ban sani ba. Na karanta lambobin farantin ƙarfen da ke baya, na gyaɗa kai kamar na gane wani abu.

"Alhaji, wacce ta fi?"

"Duk wadda ka ɗauka alheri ce."

"In kai ne fa?"

"Allah ya kiyaye ya zama ni ne."

Na ce to bari in kai su shago in haɗa da ampili, na'urar ƙara sauti, don bas ba wuta kamar mai mura ce, bakinta na motsi amma ba ka jin komai. Alhaji ya dafe ƙirji.

"Da rana tsaka? Ka ratsa zaure da su, daga ɗakina? Malam, ina da 'ya'ya mata a Kano. Kafin in isa Bobo labari ya isa kasuwar Kwari, a ce Alhaji ya koma dillancin kayan kiɗa. Ka duba da ido, ka zaɓi guda, in na tafi ka zo ka ɗauka."

Wato in sayi murya ban ji ta ba. A raina na ce, yawwa, ga inda ramin yake. Ɗayarsu bebiya ce, wataƙila ma duka biyun, kunyar nan kuwa riga ce ya sa wa cinikin. Sai na koma dabarar gidanmu, na shiga kushe wadda raina ya fi karkata gare ta, wato ja. Na ce siririn wuyan nan ba zai kai damina ba. Na ce wannan ja na motar kashe gobara ne. Ina faɗa ina satar kallon fuskarsa. Ko gezau. Mutumin da ya shekara talatin yana jin mata na kushe shadda, me zan gaya masa? Sai na juya na kushe mai ƙanzo, don ya rikice. Ni na rikice.

Na ɗora haɓata a jikin ja na ja tsirkiya, don sautin ya bi ƙashi ya shiga kai. Na ji wani abu kamar ƙudan zuma a cikin tulu. Kafin in tantance, aka ji takun mutum a tsakar gida. Alhaji ya fizge ja daga hannuna, ya tura ta akwati, ya ja shadda ya rufe, ya miƙo mini mai ƙanzo.

"Riƙe wannan. Jingina da ƙofar, kada wani ya turo."

Na jingina. Takun ya wuce, mai kai wa awaki dusa ce. Ina nan tsaye, bas a ƙirji, ban lura kanta ya tokare langa-langar ba. Yatsana kuma ba ya iya zama kusa da tsirkiya bai gaishe ta ba. Na ja babbar.

Ƙofar ta ɗauki sautin ta miƙa wa rufi, rufi ya miƙa wa na maƙwabta. Ni dai na ji shi a haƙorana. Tattabarun Kawu suka tashi gaba ɗaya, kuma har yau akwai waɗanda ba su dawo ba. Awaki suka tsinke igiya. Daga baya wani ya rantse mini har a unguwar Larlé an fito duba hadari. Ƙasa-ƙasa sautin yake, mai kauri, ya daɗe yana yawo a kwanon kafin ya kwanta, ni kuwa ban taɓa jin abu mai daɗi da ban tsoro haka ba.

Sai sandar Kawu a jikin ƙofa. Na matsa, ya shigo, dattawa na leƙe ta kafaɗarsa. Ya dube ni, ya dubi abin da ke ƙirjina, ya dubi baƙonsa. Alhaji kuwa yana zaune daram a kan dilar shadda, carbi a hannu. Ban ga lokacin da ya fito da shi ba.

"Mene ne wannan a gidana?"

"Mai gida, ɗanka ne ya shigo da abinsa yana nuna mini," in ji Alhaji. "Ina ta ce masa ni ban san kan irin waɗannan ba."

Kowa a zauren nan ya ga na shigo hannu rabbana. Kawu ma ya gani. Amma a gidan mai masauki ba a ƙaryata baƙo gaban jama'a, ko da ya ce rana daga yamma ta fito. Kawu ya zuba mini ido, irin kallon da ke gaya maka amsar da ake jira.

"Kai, naka ne?"

"Nawa ne, Kawu."

"To Allah ya shirye ka. Fitar mini da shi, ka dawo ka kamo awakin."

Maganar da aka yi gaban dattawa kuwa ta zauna. Haka na ratsa zaure da mai ƙanzo a kafaɗa, ba ko akwati, wani tsoho na tambayata ko tana kama tashar Kaduna. Kafin la'asar Alhaji ya biyo ta shago da akwatin a naɗe cikin buhu. Bai ƙara ko sisi a kan farashin da ya faɗa mini tun farkon zuwansa shago ba, bai kuma rage ba. Na so in yi ciniki, ya ce, "Malam, ana cinikin abin da mutum ya riga ya ce nasa ne?"

Motarsa na tashi na jona bas ɗin da ampili. Ta yi magana. Ba tsatsa, ba shaƙewa, kowace tsirkiya da muryarta, har su buji da ke kan kantar shago suka shiga rawa. Mai gyaran rediyon da ke kusa da ni ya buɗe cikinta ya ce ba hannun da ya taɓa wayoyin tun da aka ɗaura su. Ta gaske ce. Na kaɗa ta a bukukuwan da ba zan iya ƙirgawa ba, kafaɗata ta hagu ma ta sauka ƙasa da ta dama saboda ita.

Abokaina na orkes suka ce in gode Allah, na yi sa'a. Na gode. Amma ku tsaya ku duba. Wa ya ce in jingina da ƙofar? Wa ya zaɓi wadda zai miƙo mini? Mutumin da ya ce bai san kan abin ba, cikin ƙiftawar ido ya san wadda zai zauna a kai. In wadda ya tura mini ta kai haka, to wadda ya ɓoye a ƙarƙashinsa fa?