Shaidar da Na Yi wa Direbana

Ni mahauci ne ɗan mahauci, kuma har na haura hamsin ban taɓa taka ƙofar kotu ba. Rikicinmu na mayanka a gaban sarkin pawa muke kashe shi. Idan mutum ya yi laifi, sai wanda ya fi kowa saninsa ya tashi ya faɗi halinsa tun daga tushe, mai daɗi da marar daɗi, ba rufa-rufa. In dattawa suka ga ba ka ɓoye komai ba, sai su yarda da yabon da ka yi masa, su sassauta. Da wannan ilimi na tafi kotun Garwa, ina ji da kaina.

Direbana Kirista ne, mutumin kan dutse daga wajen Mokolo. Shekara goma sha biyu yana tuƙa mini motar nama daga mayanka zuwa kasuwa, ran Alhamis kuma ya kai wa masu gashin nama a Figil. Shi yana ce mini patron, wato maigida da Faransanci, ni ina ce masa sobajo, wato aboki da Fulatanci. Idan azahar ta same mu a hanya, shi yake tsayar da mota tun ban yi magana ba, ya miƙo mini buta. Na san yana shan bil-bil, giyar dawan nan tasu, ya san na sani, ba mu taɓa zancen ba.

Wata Alhamis yana dawowa daga Figil ba kaya, ya tarar da danginsa suna gayyar yankan dawa a bakin titi. A wurinsu wanda ya tarar da gayya ya ƙi karɓar ƙoƙo ya raina mai gona. Ya sha biyu, in ji shi. Wajen la'asar jandarma suka tare shi, suka ba shi abin nan na gwajin giya da ake hurawa, abin ya tona shi. Kwana biyu ya yi a tsare kafin a sako shi da takardar ranar shari'a, ni ma aka aiko mini da tawa, tunda motar tawa ce.

Tun daga nan kaina ya ɗaure. Na tambaya wa ya kaɗe, aka ce babu. Wa ya kai ƙara? Aka ce gwamnati. To gidan wa za mu je da dattawa mu ba da haƙuri? Kowa ya yi mini dariya. A mayanka kuwa kowa ya zama lauya. Mai fiɗa ya rantse tara ce kawai tunda karon farko ne. Wani dillalin shanu ya ce ɗauri ne, ba makawa. Wani ya ce yaga permi ake yi a gaban mutum. Maganar permin nan ce ta hana ni sukuni, domin takardar tuƙin ita ce gonarsa a birni, da ita yake ci da mata da 'ya'ya huɗu.

Ranar shari'a na sa babbar riga. Ɗakin cike, zafi kamar gindin murhu, ana ta Faransanci da sauri, ni kuwa nawa bai wuce na gaisuwa da ciniki ba. Mai shari'ar mace ce mai tabarau. Direbana ya miƙe ya amsa laifinsa ba gardama. Lauyan gwamnati ya yi magana gajeriya, tafinta ya raɗa mini cewa ya ce ba a taɓa kama shi da komai ba. Sai mai shari'a ta tambaya ko mai mota yana da abin cewa.

Ina da shi mana! Kwana uku ina shirya shi.

Na ce, "Ranki ya daɗe, mutumin nan ba wanda ya san shi kamata. Ba zan yi miki ƙarya ba, shekara goma sha biyu yana shan bil-bil ɗinsa yana tuƙa mini mota, ko kaza bai taɓa takewa ba. Wani lokacin ma in ya ɗan sha ya fi natsuwa a kan sitiyari."

Tafintan ya tsaya yana kallona. Ya ce a hankali, "Baba, in faɗa mata haka?"

Raina ya ɓaci. Na ce, "Faɗa mana! Ko kai ma za ka koya mini magana a gaban manya?"

Ya faɗa. Na ji ana dariya a baya, na ɗauka daɗin maganar suka ji. Mai shari'a ba ta yi dariya ba. Ta cire tabarau, ta tambaye ni ko na san yana sha nake ba shi makulli. Na ce na sani sarai, shi ya sa nake shaidarsa. Ta daɗe tana rubutu. Lauyan gwamnati da ya riga ya zauna ya sake miƙewa, wannan karon maganarsa ta yi tsawo.

Da aka zo hukunci, tafinta ya ce ɗaurin wata uku. Matar direban ta ɗora hannu a ka ta fasa kuka. Sai tafintan ya ƙara da cewa da sursi ne, wato ba zai shiga gidan yari ba sai in ya sake. Matar ta daina kukan, ta dube ni, ni ma na dube ta. An ɗaure shi ke nan ko an sake shi? Akwai tara, wannan na gane. Sannan aka ce an karɓe permi na shekara guda. Na zauna ina jiran a zo wurin da za a ambaci shaidata a rage wani abu, sai na ga an kira shari'a ta gaba.

A waje tafintan ya ja ni gindin wani itacen dogon yaro. Ya ce, "Baba, kai ka kayar da shi. Da ka yi shiru, da tara kawai zai biya ya tafi da takardarsa. Ka mayar da laifin rana ɗaya na shekara goma sha biyu." Wani tsoho mai rubuta wa mutane takardu a bakin kotun ya ji mu, ya ce ba haka ba ne, matar nan kowa ta samu da giya sai ta karɓe masa permi, ko wa ya yi magana. Suka kaure da gardama da Faransanci, suka bar ni tsaye. Har yau ban san wanda ya fi gaskiya a cikinsu ba, kuma ban sami wanda zan tambaya ba.

Sai ga direbana ya fito. Na shirya ya zage ni, wallahi da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Ya kama hannuna da hannayensa biyu, idonsa ya cicciko. Ya ce, "Patron, na gode. Kai Musulmi, ka tsaya gaban mutane ka faɗi abin da ka sani a kaina, ba ka ji kunyata ba. Da ba don kai ba da yau a kurkuku zan kwana."

Na ce, "Ba komai, sobajo."

Mota ba ta jiran shekara, dole na ɗauki wani direba. Na ce ya zauna ya riƙa taya mu lodi, ya ce bayansa ba na ɗaukar cinyar bijimi ba ne yanzu. Kafin damina ya kwashe iyalinsa suka koma kan dutse. Shekarar ta cika, na aika masa ya zo ya karɓi makullinsa, ya aiko cewa ya riga ya kama noma, yara kuma sun shiga makarantar can. Bai dawo ba.

Duk kaka yana aiko mini da buhun wake ta hannun masu zuwa kasuwa. Mai kawowa yakan tsaya a bakin rumfata ya ce saƙo ne na mutumin da ya ceci ɗan'uwansu a kotu. Ina karɓa, in ce a gaishe shi. Iyalina suna dafawa su ci, ni har yau ban iya kai shi bakina ba.