Gonar da Inna Ta Ba da Aro

Makarantar Islamiyyar gidanmu da ke Birnin Kudu ba ta karatu ranar Alhamis. Da wasu lauyoyi suka zo neman wurin da za su riƙa zama suna sauraron tsofaffi marasa hali kyauta, sai mahaifina ya ce a buɗe musu ajin da ke bakin ƙofa. Ni nake koyarwa a ajin, don haka makulli ya zama a hannuna. Ni ke shara, in fitar da bencinan yara waje, in shimfiɗa tabarmi, domin gwiwoyin tsofaffi ba sa jituwa da ƙaramin benci.

Da farko lauyoyin suna da ɗan yawa. A hankali aiki ya janye wannan, nisa ya janye wancan, har ya rage saura mutum ɗaya. Barista kawai muke ce masa. Siriri ne, bai kai shekara arba'in ba, yana zuwa daga Dutse da wata tsohuwar mota bayan ya tashi daga kotu. Kafin ya iso layi ya riga ya kai bakin titi. Masu maganar fansho, masu rikicin gado, masu iyakar gida, da waɗanda ma ba shari'a ce ta kawo su ba, sun dai ji an ce akwai mai sauraro.

A cikinsu na fara ganin matar da muke kira Inna. Daga wajen Kangire ta zo a bayan acaɓa. Gajeriya ce, ta ɗan ranƙwafa, mayafinta ya koɗe amma wankakke ne tas. Da layi ya zo kanta ta zauna, ta gaishe da Barista, ta tambayi mutanen gidansa ɗaya bayan ɗaya kamar ta san su, sannan ta ɗauko zance tun daga kan kakanta. Na so in tsoma baki in ce ta taƙaita. Barista ya ɗaga mini hannu.

Ga yadda maganar take. Mahaifinta mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Gwaram. Ita kaɗai ya bari a raye, kuma a rabon gado gona ɗaya ta faɗo mata. A lokacin tana gidan miji a Kangire, ba ta da halin zuwa noma, sai ta ba maƙwabcin mahaifinta aron gonar. Duk kaka yakan aiko mata da damin dawa. Haka suka yi shekaru masu yawa. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta maza biyu suka rasu, shi ma mai aron ya rasu. Dawa ta daina zuwa. Da ta ga zama ya yi mata tsanani ta je ta ce a ba ta gonarta ta sa a noma mata, sai babban ɗan mai aron ya ce ai mahaifinsu sayen gonar ya yi.

Barista ya ce, “Inna, da kika ba da aron, an rubuta?”

“Rubutun me, ɗan nan? Mutumin da a kan cinyarsa na girma?”

“Su waye a wurin?”

Ta lissafa. Mai unguwa na lokacin, ya rasu. Liman, ya rasu. Wani ƙanen mahaifinta, ya rasu. Ta murza bakin mayafi, can ta ce akwai wani tsoho da gonarsa ke jikin tata, yana nan da rai, sai dai an ce tsufa ya fara taɓa shi.

Barista ya dube ni. Na san abin da yake nufi, domin mun karanta shi a fiƙihu tun muna yara: a maganar dukiya, shaida namiji ɗaya tare da rantsuwar mai ƙara na iya tsayar da haƙƙi. Ashe ƙofa ba ta rufe ba. Ranar na shiga gida da farin ciki.

Asabar ɗin da ta biyo muka tafi, ni da shi da Inna. Bayan mun wuce Gwaram muka saki kwalta muka bi burji, daga nan muka bi hanyar da amalanke ya fi mota saninta. Mun sami tsohon a ƙarƙashin rumfar ƙofar gida yana tufkar igiya. Surukarsa ta leƙo ta ce mun taki sa'a, yau da sauƙi.

Yana ganin Inna ya gane ta. Ya yi dariya har da tari, ya tuna mata yadda take satar masa gyaɗa tana yarinya. Da Barista ya tambaye shi maganar gona, sai ya ajiye igiyar.

“Aro ne. Ina wurin. A gindin tsamiyar gabas muka tsaya bayan la'asar. Ta ce ya noma ya ci, in ta nema ya ba ta. Ya ce ya ji.”

Ya zayyana iyakokin gonar, daga tsamiya zuwa layin gamba, daga gamba zuwa ɗorawa, har kwarin da ruwa ke kwanciya. Barista ya ɗauki maganar duka a wayarsa. Inna tana gefe tana share hawaye tana cewa, “Kun ji ko? Kun ji ko?”

Kafin mu tashi sai ga ɗan mai aron ya zo. Na zaci zan ga wani mai ido a tsaye. Sai na ga magidanci da rigar gona a yage, ƙafafunsa duk faso. Ya durƙusa ya gaishe da Inna, ya ce mata Gwaggo.

Ya ce da Barista, “Ranka ya daɗe, ni abin da Baba ya faɗa mini na sani. Ya ce ya saya. Na buɗe ido na gan mu a gonar nan, da ita nake ciyar da gidana da na ƙannena.”

“Dawar da ake kai mata duk shekara fa?”

“Ni nake kai wa a keke. Baba ya ce zumunci ne, 'yar amininsa ce.”

Barista ya nemi a yi sulhu, ko da a raba gonar ne. Mutumin ya ce zai shawarci ƙannensa. Ƙannen suka ƙi. Sai aka shigar da ƙara.

Daga nan ne na koyi yadda lokaci ke tafiya a kotu. Zaman farko aka ce sammaci bai isa ba. Na gaba alƙali ya tafi taro. Barista ya roƙi a gaggauta sauraron shaidar saboda shekarunsa, ko kotu ta je ta same shi a gida. Aka amince, aka sa rana. Kafin ranar damina ta yi ƙarfi, rafi ya cinye hanyar ƙauyen. Da ruwa ya ja baya sai aka yi wa alƙalin canjin wurin aiki. Kujerar ta zauna babu kowa har aka yi girbi aka gama. Da sabon alƙali ya zo, ya ce a faro daga farko.

Ba wanda ya yi mana mugunta a cikin wannan duka, kuma abin da ya fi damuna ke nan. Da akwai wanda za a nuna da yatsa, da mutum ya sami inda zai kai fushinsa. Kowa yana ba mu haƙuri da fara'a, yana ba mu wata ranar.

Inna ba ta taɓa fashi ba. Duk ranar zama za ka same ta a gindin darbejiyar harabar kotu tun kafin ma'aikata su zo. Barista ya sha ce mata ta zauna a gida, in da labari zai aiko. Sai ta ce, “In alƙali ya tambaya ina mai gonar fa?” Takan ƙullo masa kuka ko daddawa a leda. Yakan ce aikin nan ba a biya. Ita kuma ta ce ba shi ta kawo wa ba, matarsa ta kawo wa.

A tsakanin nan na je duba tsohon a kan babur. Surukarsa ta tare ni a zaure ta ce, “Malam, in za ku yi ku yi.” Ta ce ya fara fita yana neman hanyar gidan da aka rushe tun kafin a auro ta. Na kira Barista na faɗa masa. Ya ce, “Na rubuta musu, na je da ƙafata. Ban san abin da ya rage ban yi ba.”

Ranar da aka sa don jin shaida, da sassafe muka ɗauko tsohon. Ɗansa ya sa masa farar riga da hula. A mota ya riƙe kujerar gaba da hannu biyu. Inna tana gefensa tana yi masa hira, tana ambata masa tsamiya da ɗorawa. Ya dube ta da ladabi, irin duban da ake yi wa baƙuwa.

A kotu aka ba shi kujera. Alƙalin mutum ne mai sanyin murya. Ya gaishe shi, ya tambaye shi ko ya san matar nan.

Tsohon ya daɗe yana kallonta. Ya ce, “Ranka ya daɗe, ban yi komai ba.”

“Baba, ba a ce ka yi laifi ba. Shaida aka kira ka. Ka san gonar da ke jikin taka ta gabas?”

“Inna ta ce in koma da wuri. Awaki ba su sha ruwa ba.”

Mahaifiyarsa yake nufi, wadda ta rasu tun kafin a haifi yawancin waɗanda ke ɗakin. Barista ya nemi izini ya matso, ya durƙusa a gabansa da baƙar kwat ɗinsa, ya yi ƙasa da murya. “Baba, ka tuna ranar da muka zo kana tufka? Ka ce mana kana wurin, a gindin tsamiya.” Tsohon ya kama hannunsa ya ce don Allah ya kai shi gida. Sai ya fara kuka, ba sauti, kafaɗunsa kawai ke rawa.

Barista ya roƙi a saurari abin da ke cikin waya. Alƙali ya yarda a kunna. Muryar tsohon ta cika ɗakin, garau, tana jera iyakoki, shi kuma mai muryar yana zaune yana wasa da bakin rigarsa. Da ta ƙare alƙali ya ce ya ji, amma ba a gaban kotu aka yi maganar ba, wanda ake ƙara bai sami damar yi masa tambaya ba, kuma ba wanda zai tabbatar da lafiyar hankalinsa a ranar. Barista ya yi 'yar magana, bai ja ba. Ya san haka dokar take. Ni ma na sani.

Tunda mai ƙara ba ta da shaida, rantsuwa ta koma kan wanda ake ƙara. Ɗan mai aron ya fita ya yi alwala, ya dawo ya rantse cewa iyakar saninsa mahaifinsa sayen gonar ya yi. Alƙali ya bar masa gonar. Har yau ban san ko ƙarya ya yi ba. Ina zaton abin da aka gaya masa ya faɗa.

Muka mayar da tsohon gida. A hanyar dawowa, mun kusa Birnin Kudu, wajen da duwatsu ke fara bayyana, Barista ya gangara gefen titi ya kashe mota. Ya juyo ya yi wa Inna bayanin ɗaukaka ƙara, a hankali, yadda yake yi wa kowa. Ta saurara har ya gama.

“A can ɗin, wa zai yi mini shaida?”

Ta dubi fuskarsa, ta ci gaba.

“To ka bari, ɗan nan. Ka wahala. Ka ma ci abinci kuwa yau?”

Ya buɗe ƙofa ya fita, ya tsaya a bayan mota ya ba mu baya. Muka jira shi.

Alhamis ɗin da ta biyo, bayan ya sallami mutane, ya ce in raka shi wurin mahaifina. Ya zauna a ƙasa kamar ɗalibi ya ba shi labarin tun daga farko, ya tambaya ko akwai wata ƙofa a littattafai da ya tsallake. Mahaifina ya yi masa tambayoyi kaɗan, ya sunkuyar da kai ya yi nazari. Ya ce, “Barista, babu. Alƙali da abin da ya bayyana yake hukunci.” Ya yi masa addu'a, muka fito.

Tsohon bai kai damina ba. Inna ta koma hannun wata 'yar ƙanwar mijinta a nan cikin gari, a wani ɗaki da ake ajiye buhuna. Ina zuwa gaishe ta lokaci-lokaci. Barista har yanzu yana zuwa ranar Alhamis, layin kuma bai ragu ba. Wasu yana samo musu haƙƙinsu, na gani da idona. Amma ya daina cewa kowa “kada ki damu”, kalmar da da ba ta barin bakinsa.

Da damina ta yi nisa a shekarar, na je gaishe ta. Ƙafa ta riga ta hana ta fita. Ta ce ta ji ana cewa ina zuwa Gwaram wajen wani ɗaurin aure, ko zan daure in biya in gano mata abin da suka shuka a gonar. Na ce Inna, me za ki yi da wannan? Ta ce tana son ta sani ne kawai.

Na biya. Riɗi ne, ya kai ƙugu, ya yi fure fari tun daga bakin hanya har kwari. Na dawo na faɗa mata.

“Ya yi kyau?”

“Ya yi kyau, Inna.”

Ta gyaɗa kai. Ta ce ƙasar wurin ba ta taɓa ba mutum kunya ba, sai dai a kula da kwarin nan in ruwa ya yi yawa. Ta ce in na sake zuwa in faɗa wa yaron nan, ɗan mai aron, ya ja wa ruwan hanya ta wajen yamma, haka mahaifinta yake yi.