Ranar Auren Feruja

Shekara arba'in Mezyan ya yi a ƙofar gidan waya na garinmu, nan duwatsun Kabiliya, yana rubuta wa mutane wasiƙa. A makarantar mishan ya koyi rubutu, zamanin da ake tsoma alƙalami a tawada, wanda ya manta kwanan wata kuwa ya sha rula a yatsu.

Yana da shekara saba'in da uku, ɗan baffansa Lunis ya dawo daga Faransa da takardar salsalar dangi, za a karanta ranar Juma'a a gaban kowa. Sunan Mezyan kaɗai aka rubuta da fensir, alamar ana shakkar asalinsa.

"Yaya, ba ni na ce ba, hatimin Nasara ne," in ji Lunis. "An haife ka 1932. Auren mahaifiyarka Inna Feruja kuwa 14 ga Maris, 1934."

"Katin sojan babana ya ce yana da mata tun 1930."

"Soja? Don a ba shi hutu, ko jaka ce ya ce matarsa ce."

Uwar Mezyan ta shekara talatin a kabari, yau ake so a yi mata tsirara.

Ranar Laraba ya sauka ofishin magajin gari. Matar da ke tsaron rajista ta ɗauko masa tsohon kundi.

"Baba, awa ɗaya. Ban da lasar yatsa."

Ya sami layin auren uwarsa. 14 ga Maris, babu kuskure. Sai ɗabi'ar sana'a ta sa ya duba layin sama. Rana ɗaya. Na ƙasa ma haka. Ya ƙirga: aure goma sha bakwai, hannu ɗaya, tawada ɗaya. Wa ke biki a Maris, ƙanƙara a kan dutse, rumbu ba komai? Mu sai kaka muke biki, bayan ɓaure ya bushe. Sai ya tuna zawarawan da ya yi wa wasiƙa, masu cewa liman ya ɗaura da Fatiha, magatakardan Nasara kuma sai bayan shekaru ya hau dutsen da alfadarinsa, ya rubuta kowa da ranar zuwansa.

Ranar Alhamis ya ajiye kwafin shafin a gaban Lunis.

"Karanta layi na sha ɗaya."

Lunis ya karanta. Iyayensa ne. Babbar yayarsa Tasadit, haihuwar 1929, tana nan da ranta, gobe ita ce a sahun gaba.

"Idan fensir ne, ni da Yaya Tasadit ne," in ji Mezyan. "Kai za ka gaya mata. Sai dai ka tsaya nesa da sandarta."

Lunis ya jawo takardar salsalar, ya laluba aljihu neman biro.

"Bar bironka," in ji Mezyan.

Mezyan ya zaro tsohon alƙalaminsa, ya bi sunansa da tawada. A gefen Feruja ya rubuta 1930, ya hura har ta bushe.