Akwatin Kwantattun Haruffa

A shekarar da sojoji suke shirin miƙa mulki, ina aikin jera haruffa a wata ƙaramar maɗaba'a kusa da Laranto. Haruffan dalma ne, ɗaya bayan ɗaya ake tsintar su da hannu. Akwatunanmu duk na miƙaƙƙun haruffa ne, sai guda ɗaya a can ƙasa da muke kira kwantattu, don sun karkata dama kamar rubutun mai kyan hannu. Jikinsu siriri ne, kowanne da 'yan ƙafafunsa, wasu da jela mai lanƙwasa wadda ta zarce gindin dalmar, ba abin da ya tallafe ta.

Ina da ƙa'ida a kansu. Sunan ango da amarya a katin biki, ko sunan jariri, layi ɗaya ko biyu kawai. A buga a ƙaramin injin hannu, a hankali. Daga nan in wanke su da kananzir, in shanya, sannan kowanne ya koma gurbinsa. Ba a sayar da irinsu a gari, wanda ya karye ya tafi ke nan.

Sai siyasa ta kankama. Wani ɗan takara, dillalin shanu daga Dutse Uku, ya ga katin da muka buga na bikin ƙanwarsa. Ya zo ya ce da wannan rubutun yake son takardun kamfen ɗinsa, daga sama har ƙasa, masu yawan da za a liƙa har Tina Junction.

Na ce wa mai maɗaba'ar, "Oga, babban inji zai murƙushe su. Kuma daga nesa ba sa karantuwa."

"Malam, matsalarka ke nan. Haruffa ne ko 'ya'yanka?"

Na juya ga ɗan takarar. "Alhaji, a sa maka masu kauri mana."

Ya yi dariya. "Masu kauri ai na rasit ɗin tashar mota ne. Oga, wannan mutumin naka ya taɓa murmushi kuwa?"

Na jera su, na ɗaure, na sassauta matsin injin iya yadda zai yiwu. Tun kafin azahar na fara jin ƙas, ƙas, cikin rugugin injin. In na ɗaga takarda sai in ga jelar wani harafi ta ɓace. In tsayar, in sauya shi, a ci gaba. Zuwa la'asar babu sauran na sauyi, haka aka ƙarasa da guntayen. Alhaji bai ma lura ba, ya kwashi kayansa yana sa albarka.

Washegari na zube su a faranti, na ware lafiyayyu gefe guda. Ba su isa a jera suna ɗaya cikakke ba. Oga ya leƙo, sannan ya aika a kira wani mai narka dalma yana toshe ɓular bokiti a bakin kasuwa. Mutumin ya zo da buhu, ya juye su duka bai dubi ko ɗaya ba. Na roƙi a bar mini akwatin, Oga ya ce kusoshi za a zuba a ciki.